Kurakuran da ke mayar da ƙaramin ciwo gyambo a ƙafar mai ciwon suga

Idan suga ya daɗe yana hawa, ɓarna biyu yake yi wa ƙafa: yana ƙuntata hanyoyin jini, yana kuma kashe jijiyoyin da ke sa a ji zafi. Jini ne ke kai iska mai kyau da garkuwar jiki wurin rauni, shi ne kuma ke kai maganin da aka haɗiya. In bai isa yatsa sosai ba, nama ba ya haɗewa, magani ma kaɗan ne ke kaiwa can.

Wani babban kuskure da ke cin ƙafafu shi ne auna ciwo da zafinsa. "Ai ba ya yi mini zafi," sai a ci gaba da takawa a kai har sati biyu. Rashin zafin nan shi ne abin tsoro. Duk yanka, bororo ko tsagewa, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji marar matsi, a daina ɗora masa nauyi, a kai wa likita cikin kwana ɗaya. In yatsa ya fara baƙi, ko akwai wari, ruwa, kumburi ko zazzaɓi, ba a jiran gari ya waye. A Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru.

Sai zafi da sanyi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke wuce maki 40, yashi da siminti na ƙona tafin ƙafa mutum bai sani ba, musamman a 'yan takun da ke tsakanin wurin alwala da ƙofar masallaci. Salansar kabu-kabu ma haka. Da hunturu kuma a miƙa ƙafa gaban kaskon garwashi, ko a jiƙa ta cikin ruwan zafi da gishiri don "jini ya motsa". Ba ya motsawa; fata ce ke saluɓewa. Safa ta auduga ta isa, ruwan wanka kuma a gwada shi da gwiwar hannu. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Faso a shafa masa man kaɗanya ko basilin, amma ban da tsakanin yatsu, don danshi a nan kan jawo ƙaiƙayi da tsagewa.

Kada a bari mai yankan farce ko wanzami ya kankare kanta da aska, kada a yi tsaga ko ƙaho a ƙafar. Farce a yanke shi miƙe, ba a shiga gefe. Toka, kanwa, man goge baki da garin kafso da ake barbaɗawa ba sa warkarwa, ɓoye ruɓewar da ke ƙasa kawai suke yi.

Akwai alamun da ake ɗora wa tsufa ko sanyin ƙashi alhali ƙarancin jini ne: ciwon sharaɓa idan an yi tafiya wanda ke lafawa da an tsaya, ƙafa mai sanyi, fata mai ƙyalli, zubewar gashin ƙwauri, da ciwon dare da ke sauƙi in an sauko da ƙafar daga gado. Mai irin wannan bai kamata ya ɗaure ƙafa tam ko ya ɗaga ta sama ba tare da izinin likita ba. Ya nemi a taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, a kwatanta ƙarfin jinin ƙafa da na hannu. In an raba awon ƙafa da na hannu, sakamakon da ya gaza 0.9 na nuna hanyar jinin ta ƙuntata.

Wasu kuma sun mai da hankali kan sugan kaɗai. Taba sigari, hawan jini da kitsen jini duk suna ƙara toshe hanyar, kuma taba ta fi saurin ɓarna. Sugan safe kafin cin abinci, ga yawancin manya, ana son shi tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL na na'urar gwajin suga. A riƙa duba tafin ƙafa kullum da madubi, ko wani a gida ya duba, a kuma zazzage takalmi kafin a sa shi.