Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gane Tsofaffin Maɓallan Soja

A Ingila, masu yawo da na'urar gano ƙarfe a gonaki ba abin da suke tonowa kamar maɓalli. Da yawansu na kakin soja ne, wasu sun haura shekara 200 a cikin ƙasa. Sai dai yawancin sababbin shiga kan yanke hukunci tun ƙasa ba ta gama kakkaɓewa daga jikin maɓallin ba, alhali ɗan abin nan yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa ga wanda ya yi haƙurin dubawa.

Kuskuren farko shi ne a ƙura wa fuskar maɓalli ido a manta da bayansa. A bayan ne maƙera ke buga sunansu, zagaye da kunnen da ake ɗinkawa: Firmin ko Jennens na Landan, Smith & Wright ko Gaunt na Birmingham. Kamfanonin nan sun sha canza suna da adireshi, kuma kowane canji yana rage maka tsawon shekarun da za ka yi lalube a ciki. Ka karkata maɓallin a gefen hasken fitila, ka duba da gilashin ƙara girma, za ka ga haruffan da ido bai kama ba sun fito. Amma a kula, in ka ga "Treble Gilt" ko "Extra Rich", ba sunan maƙeri ba ne, tallar ingancin ruwan zinariyar da aka shafa ne kawai.

Wani kuma da ya ga zaki ko gaggafa sai ya ce na soja ne. A ƙarni na 18 da na 19 manyan gidajen Ingila suna ɗinka wa barorinsu da matuƙan keken dokinsu riguna masu maɓalli ɗauke da tambarin gidan. Alamarsu ita ce dabba ko tsuntsu a tsaye kan wani murɗaɗɗen layi mai kama da igiya, babu lambar runduna. Haka ma anga ba lallai ta sojan ruwa ba ce, domin kamfanonin jiragen ruwa na fasinja da na kaya sun yi amfani da ita. 'Yan sanda, ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya duk suna da nasu.

Inda aka fi tafka kuskure, a ganina, wajen ƙiyasta shekaru ne. Tsatsa da kore ba sa nuna tsufa. Ƙasa mai tsami tana iya cinye maɓallin shekara 80 ya koma kamar na zamanin kakannin kakanni. Ga abin da ya fi dacewa a bi. A 1767 aka umarci rundunonin Birtaniya su sa lambarsu a maɓalli. Ƙananan sojoji na sanye da na haɗin kuza da dalma, mai launin toka, hafsoshi kuwa nasu na ruwan zinariya ne ko azurfa. A 1855 aka mayar da na ƙananan sojoji na tagulla. A 1871 aka ba su maɓalli iri ɗaya mai tambarin masarauta, zaki da doki mai ƙaho suna riƙe da garkuwa, sannan gyaran 1881 ya mayar da yawancin rundunonin ƙasa ana kiransu da sunan yankunansu maimakon lamba. Saboda haka maɓalli mai toka-toka, falle ɗaya, da lamba a tsakiya, ka nemi asalinsa kafin 1855.

Sai kambi, wato hular sarautar da ake bugawa a fuskar maɓalli. Mutane kan ɗauka duk kambi ɗaya ne, ba haka ba ne. Na zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta rasu a 1901, samansa ya lotsa a tsakiya. Daga 1902 zuwa 1952 aka yi amfani da mai zagayayyen sama kamar tulluwa. Daga 1953, zamanin Elizabeth ta biyu, aka koma mai lotsawa, kuma a wannan zamanin ne maɓallan alminiyam marasa nauyi masu ƙyalli suka yawaita. Irin wannan lissafi yana aiki har a kan kayan rundunar da Lugga ya kafa a 1897, wadda Hausawa suka cika: tambarinta itacen kwakwa ne, kuma sai a 1928 aka ƙara harafin R (Royal, wato ta sarauta) a gaban gajeren sunanta, WAFF (West African Frontier Force), don haka duk abin da ke ɗauke da RWAFF bai girmi wannan shekarar ba.

Akwai kuma saurin ƙirƙiro labari: an tsinci maɓallai goma a gona ɗaya, ke nan an gwabza yaƙi a wurin. Sau da yawa dalilin ya fi haka sauƙi. Masaƙun garuruwan Batley da Dewsbury da ke arewacin Ingila suna yayyaga tsofaffin tufafin ulu, har da kakin soja, su sake saƙa su, ragowar tsumman kuma manoma su saya su zuba a gona a matsayin taki. Ulun ya ruɓe, maɓallan suka rage. Sojan da ya gama aiki ma yakan koma gida da rigarsa, ya yi ta noma da ita har ta ƙare.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne wankin ganganci. Soson ƙarfe, lemun tsami ko man goge tagulla suna share ragowar ruwan zinariya da sunan maƙeri cikin minti kaɗan, kuma abin da ya tafi ya tafi. A yi amfani da tsinken sakace da burushi mai laushi, a bi a hankali. Na kuza da dalma ya fi kowanne rauni, gefensa kan marmashe in ya bushe da sauri, don haka a bar shi da danshin ƙasarsa a cikin 'yar leda har a isa gida, a ɗauki hotonsa gaba da baya kafin a taɓa shi.

Kada kuma a zuba duk abin da aka samu a gwangwani ɗaya. Kowane maɓalli a ba shi ledarsa, a rubuta gonar da ranar da aka tono shi da faɗinsa a milimita, domin faɗin ne ke bambanta na ƙirjin riga da na hannu ko na hula. Tun kafin a fara tono kuwa sai an nemi izinin mai gona.