Kurakuran da masu dawowa gida daga aiki a Saudiyya suka fi yi game da haƙƙoƙinsu

Yawancin asarar da mai dawowa gida yake tafkawa tun a Jidda ko Riyad take faruwa, a makonnin ƙarshe da hankali ya koma kan tsaraba da ɗaurin kaya. Kuskure mafi muni shi ne sa hannu a takardar muhalasa, wato shaidar cewa ma'aikaci ya karɓi dukkan haƙƙinsa, tun kuɗin ba su shiga hannunsa ba. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikacin kamfani kuɗin sallama: albashin rabin wata a kan kowace shekara cikin shekara 5 na farko, sannan albashin wata guda cur a kan kowace shekarar da ta biyo baya. Wani ɗan'uwana da ya kammala kwantiragin shekara 8 a wani kamfanin gine-gine ya dawo da kwafin muhalasarsa a ninke cikin fasfo, da Larabcin da bai iya karantawa sosai ba, kuma sai da muka zauna a zaure muka lissafa sannan muka gane cewa albashin wata biyar da rabi ya cancanta, alhali na wata biyu aka danƙa masa. Gyaran shi ne mutum ya yi lissafinsa da kansa, ya nemi wanda ya amince da shi ya karanta masa takardar, kada kuma ya yarda a buga masa bizar fita ta dindindin sai ya ga kuɗin a asusunsa. Wanda aka zalunta yana da wata 12 daga ranar barin aiki ya kai ƙara kotun ƙwadago, amma bin shari'a daga Kano ba ƙaramin jidali ba ne.

Akwai kuma masu ajiye aiki cikin gaggawa ba su duba abin da hakan zai janyo ba. Wanda ya ajiye da kansa kafin cika shekara 2 ba shi da komai, daga 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sallamar zai samu, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku. Sau da yawa haƙurin 'yan watanni har kwantiragi ya ƙare shi ke raba mutum da wannan ragi. Masu aikin gida da direbobin gida tsarinsu daban ne, kada su auna kansu da wannan ma'auni.

Wasu suna dawowa da zaton cewa fansho na jiransu saboda an yi musu rajista da GOSI, hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya, alhali baƙon ma'aikaci inshorar haɗarin wurin aiki kawai yake da ita a can. A gida kuma shekarun da aka yi a waje ba sa shiga lissafin fansho. Wanda yake da asusun fansho tun kafin tafiyarsa ya koma wurin kamfanin da ke kula da shi ya sabunta bayanansa, wanda ba shi da shi kuwa yana iya shiga tsarin ajiyar ƙashin kai da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe wa masu sana'a a 2019.

Batun lafiya ya fi damuna, domin inshorar da uban gida yake biya tana ƙarewa ne tare da aikin, kuma mai hawan jini ko ciwon suga ba ya farga sai maganin da ya zo da shi ya ƙare. Dokar hukumar inshorar lafiya ta Najeriya (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma ba wanda zai yi wa mutum rajista yana zaune a gida. Sai ya je hukumar inshorar lafiya ta jiharsa, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna, ya biya, kuma tun yana da ƙoshin lafiya ya kamata ya yi, saboda katin ba ya fara aiki a ranar da aka biya. Ya taho da rahoton likitansa na can.

Tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya kuwa ta rajistar masu ƙaramin ƙarfi ake bayarwa, wadda al'ummar unguwa ke tantancewa, don haka duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa suna damfara yake yi. Abin da mai dawowa zai iya gyarawa da kansa shi ne sunansa, domin idan fasfo ya ce Muhammad, lambar NIN ta ce Mohammed, BVN kuma ta ɗauki wata ranar haihuwa daban, to banki da ofishin fansho duk za su yi ta mayar da shi har sai ya daidaita su.