Yadda ake gano saiwar kaso ta folinom ba tare da kame-kame ba

A kowace shekara, idan zafin watan Afrilu ya tsananta a Maradi, ɗaliban ajin ƙarshe na lise kuma suka duƙufa bitar bakaloriya, akwai wata irin tambaya da nake ganin tana tsayar da yara masu ƙoƙari cak. Ana ba su folinom mai daraja ta uku, wato lissafin aljabara da ya kai har x³ (x sau x sau x), a ce su nemo saiwoyinsa. Sun san delta, wato lambar b² − 4ac da ake warware ax² + bx + c = 0 da ita, sun iya warware duk wani lissafi mai daraja ta biyu ido rufe, amma da zarar x³ ya bayyana a allo, sai ka ga yaro yana gwada 1, ya gwada −1, ya gwada 2, idan babu wadda ta yi sai ya ajiye biro ya yi tagumi. Abin yana damuna ƙwarai, domin wannan yaro ba wai bai da basira ba ne. An koya masa ya lalubo saiwa, ba a nuna masa inda za a laluba ba. Alhali akwai ƙa'ida mai sauƙi da take taƙaita wuraren neman zuwa jeri ƙayyadadde, wanda mutum zai iya rubutawa a gefen takardarsa kafin ya gwada ko da lamba guda.

Sai mu fara daidaita kalmomi. Folinom shi ne lissafi irin 3x³ − 4x² − 17x + 6, inda kowane gungu yake da lambar da ke rakiyar x, a ƙarshe kuma akwai lamba tilo wadda ba ta tare da x. Saiwa ita ce lambar da idan aka sa ta a gurbin x, lissafin gaba ɗaya zai ba da sifili. Wannan suna tsoho ne, domin Alhuwarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9 wanda daga littafinsa kalmar aljabara ta fito, yana kiran abin da ake nema jizr, wato saiwar itace da Larabci. Lambar kaso kuwa ita ce duk wadda ake iya rubutawa p bisa q, inda p da q cikakkun lambobi ne, q kuma ba sifili ba, kamar 1/3 ko −5/2. Lamba kamar 3 tana cikin wannan dangi, tun da 3 bisa 1 ce.

Ƙa'idar ita ce: idan dukkan lambobin folinom cikakku ne, kuma p bisa q saiwarsa ce da aka rage ta har ƙarshe, to dole p ya raba lambar ƙarshe ba saura, q kuma ya raba lambar rakiyar x mafi girman daraja ba saura. Ke nan ƙwanƙolin folinom da gindinsa su ne ke faɗa mana inda saiwar kaso za ta iya kasancewa.

Mataki na farko: a gyara lissafin

Kafin komai, a kwashe duk abin da ke dama zuwa hagu, a bar sifili shi kaɗai a dama, sannan a jera gungu-gungu daga mafi girman daraja zuwa ƙarami. Idan akwai lambar kaso a cikin masu rakiya, a ninka lissafin duka da lambar da za ta mayar da su cikakku; misali x² − x/2 − 3 = 0 sai ya koma 2x² − x − 6 = 0, saiwoyin kuwa ba su canja ba. Idan dukkan lambobin suna da wata lamba da ke raba su, a raba su da ita, domin hakan yana rage tsawon jerin da za a rubuta. Idan kuma babu lambar ƙarshe, to sifili saiwa ce, sai a fitar da x waje, a ci gaba da abin da ya rage.

Mataki na biyu: a rubuta jerin ƴan takara

Mu ɗauki 3x³ − 4x² − 17x + 6 = 0. Lambar ƙarshe 6 ce, waɗanda ke raba ta su ne 1, 2, 3 da 6, kuma daga cikinsu p zai fito. Lambar farko 3 ce, waɗanda ke raba ta su ne 1 da 3, daga nan q zai fito. Idan aka ɗora kowane p bisa kowane q, aka cire maimaici (domin 3/3 ita ce 1, 6/3 kuma ita ce 2), za a sami 1, 2, 3, 6, 1/3 da 2/3. Kowace tana iya zuwa da alamar ƙari ko ta ragi, don haka ƴan takara 12 ne. Duk wata lambar kaso da ba ta cikin waɗannan 12, kamar 4 ko 1/2, gwada ta ɓata lokaci ne tsagwaronsa.

Ina so mai karatu ya ga dalilin wannan ƙa'ida da idonsa, domin abin da aka haddace ba a fahimta ba, shi ne yake fara guduwa a ɗakin jarrabawa. A sa p bisa q a gurbin x, sannan a ninka komai da q³. Za a sami 3p³ − 4p²q − 17pq² + 6q³ = 0. Gungu uku na farko duk suna ɗauke da p, saboda haka za a iya rubuta p(3p² − 4pq − 17q²) = −6q³. Hagu ninkin p ne, to dole dama ma ya zama ninkin p. Amma tun da an rage kason har ƙarshe, p ba shi da abin da ya haɗa shi da q, don haka ba shi da inda zai shiga sai cikin 6. Idan aka juya aka ware 3p³ shi kaɗai, sauran ukun duk suna ɗauke da q, hujja iri ɗaya kuma za ta nuna cewa q yana raba 3. Hujjar ke nan gaba ɗayanta, kuma tana aiki a kowace daraja.

Mataki na uku: a tankaɗe jerin

Ɗalibai da yawa suna tsallake wannan mataki, su faɗa gwaji ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa a ganina nan ne ribar take. A fara da 1 da −1, domin su ne mafi sauƙin lissafi. Idan x = 1, muna da 3 − 4 − 17 + 6 = −12. Idan x = −1, muna da −3 − 4 + 17 + 6 = 16. Babu wadda ta ba da sifili, amma kada a yar da waɗannan amsoshi biyu, domin su ne rariyarmu. Idan p bisa q saiwa ce, folinom ɗin yana rabuwa ya zama (qx − p) sau wani folinom mai cikakkun lambobi, abin da masanin Jamus Gauss ya tabbatar a 1801. Daga nan ya biyo baya cewa q − p dole ya raba amsar da 1 ta bayar, q + p kuma ya raba amsar da −1 ta bayar.

Mu bi su. Ga 2, q + p ya zama 3, wanda ba ya raba 16, ta faɗi. Ga 6, q − p ya zama −5, ba ya raba 12. Ga −6, q − p ya zama 7, ba ya raba 12, ita ma ta faɗi. Ga 2/3, q + p ya zama 5, ba ya raba 16, ga −2/3 kuma q − p ne ya zama 5, ba ya raba 12. Waɗanda suka tsallake rariyar su ne 3, −3, −2, 1/3 da −1/3. Daga 12 an dawo 5, kuma duk da ƙwaƙwalwa aka yi, ba a taɓa ninka wata lamba har sau uku ba. Tsallake rariya dai ba shi ne zama saiwa ba, izini ne kawai na shiga gwaji.

Mataki na huɗu: a gwada da jadawalin Horner

Wannan jadawali yana ɗauke da sunan William Horner na Ingila, wanda ya wallafa shi a 1819, ko da yake Paolo Ruffini na Italiya ya riga shi bayyana irin wannan hanya ta rabawa. A rubuta lambobin folinom a jere: 3, −4, −17, 6. Za mu gwada 3. A sauko da lambar farko yadda take, wato 3. A ninka ta da wadda ake gwadawa, a haɗa da lamba ta gaba: 3 sau 3 tara ne, a haɗa da −4, an sami 5. A maimaita: 5 sau 3 ya ba da 15, a haɗa da −17, an sami −2. Sai na ƙarshe: −2 sau 3 ya ba da −6, a haɗa da 6, an sami sifili. Lambar ƙarshen nan ita ce saura, kuma tun da sifili ce, 3 saiwa ce.

Alherin wannan jadawali shi ne jifa ɗaya tsuntsu biyu, domin lambobin da suka fito a hanya, 3, 5 da −2, su ne na folinom ɗin da ya rage bayan an raba da (x − 3). Ke nan lissafinmu ya koma (x − 3)(3x² + 5x − 2) = 0.

Mataki na biyar: a ƙarasa da delta

Yanzu an dawo gida. Delta na 3x² + 5x − 2 shi ne 25 + 24 = 49, wato 7 sau 7, amsoshin kuwa (−5 + 7) bisa 6 da (−5 − 7) bisa 6, wato 1/3 da −2. Dukansu suna cikin biyar ɗin da suka tsallake rariya. Da folinom ɗin mai daraja ta huɗu ne ko ta biyar, sai a sake komawa mataki na biyu da abin da ya rage, ana sauko da daraja ɗaya bayan ɗaya har a iso ta biyu.

Ga wani misali da nake son bayarwa a aji, domin yara su ga cewa abin yana da ƙafa a ƙasa. Mai lambu a bakin Gulbin Maradi yana son magini ya gina masa wurin tara ruwa mai cin lita 15,000, wato mita kubik 15 (zurfi sau faɗi sau tsawo). Yana son faɗin ya ɗara zurfin da mita 1, tsawon kuma ya zama ninki biyu na zurfin da ƙarin mita 1. Idan zurfin x ne, to x(x + 1)(2x + 1) = 15, wanda idan aka warware ya zama 2x³ + 3x² + x − 15 = 0. Masu raba 15 su ne 1, 3, 5 da 15, masu raba 2 kuma 1 da 2, ƴan takara 16 ke nan. Zurfi ba ya zama da alamar ragi, don haka rabi sun tafi nan take. Idan x = 1 amsa −9 ce, idan x = 2 amsa 15 ce, kuma tun da alama ta sauya daga ragi zuwa ƙari, lallai akwai saiwa tsakanin 1 da 2. A cikin jerin duka 3/2 ce kaɗai ke zaune a wannan tsakani. Jadawalin Horner da 3/2 ya ba da 2, 6, 10, sai sifili. Magini zai haƙa zurfin mita ɗaya da rabi, faɗin mita biyu da rabi, tsawon mita huɗu. Abin da ya rage, 2x² + 6x + 10, yana da delta −44, delta mai alamar ragi kuwa ba ta ba da saiwa, saboda haka babu wani ma'auni na biyu da zai yi. Yaron da ya tsaya a gwajin 1, −1 da 2 ba zai taɓa cin karo da 3/2 ba, ko da zai wuni a kai.

Akwai wurare biyu da nake yawan ganin jan biro a takardun ɗalibai. Na farko shi ne manta gurbin darajar da ba ta bayyana ba. A x³ − 3x + 2 babu x², don haka jerin lambobin shi ne 1, 0, −3, 2, kuma wanda ya bar sifilin nan duk jadawalinsa ya lalace. Na biyu yana cikin wannan misalin ma: gwajin 1 yana ba da 1, 1, −2, sai sifili, abin da ya rage kuma x² + x − 2 ne, wanda 1 ta sake zama saiwarsa tare da −2. Saiwa tana iya maimaituwa, saboda haka lambar da ta ci gwaji kada a soke ta daga jeri sai an sake gwada ta a kan abin da ya rage.

Wajibi ne kuma a san iyakar wannan ƙa'ida. Ba ta yi alkawarin cewa akwai saiwar kaso ba, ta dai ce idan akwai, ga inda take. A x³ − 3x + 1 = 0 ƴan takara biyu ne kacal, 1 da −1, na farko ya ba da −1, na biyu ya ba da 3. Wannan hujja ce cikakkiya cewa babu saiwar kaso ko ɗaya, kuma ɗalibi yana da damar rubuta haka ba tare da shakka ba. Amma kuskure ne ya ce babu saiwa sam, domin x = 0 yana ba da 1, x = 1 kuma yana ba da −1, ke nan akwai saiwa a tsakaninsu, kusan 0.347, wadda ba ta rubutuwa p bisa q. Ga daraja ta uku akwai ƙa'idar da Cardano ya wallafa a 1545, mai tsawo da wuyar sha'ani, daga daraja ta biyar zuwa sama kuwa Abel ya tabbatar a 1824 cewa babu ƙa'ida ta bai ɗaya irin ta delta. A irin wannan hali abin da ɗalibin lise zai yi shi ne ya zana jadawalin hawa da saukar folinom ɗin, ya gano tsakanin da alama take sauyawa, sannan ya riƙa raba tsakanin nan biyu yana matsowa, har ya kai kusancin da tambayar ta nema.