Yadda Mawaƙin Rap Zai Sa Garinsu Cikin Waƙarsa

Matashin Tawa da yake son a ji Adar cikin waƙarsa ya fara da harshe kafin ya nemi kiɗa. Ya rubuta baitocinsa da Adaranci kamar yadda ya tashi ya ji ana yi a gida, ya bar "munka" da "sunka" da "tahi" a inda suke, domin idan ya goge su ya ari bakin wani gari, mai sauraro ba zai gane daga ina muryar ta fito ba. Haka mawaƙan rap na ƙungiyar Positive Black Soul suka yi da harshen Wolof bayan kafuwarsu a Dakar a 1989, kuma a Yamai sunan ƙungiyar Kaidan Gaskia kaɗai ya isa a san da wa suke magana.

Ambaton sunan gari sau ashirin cikin amshi ba ya nuna kishinsa. Ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ɗan gari ne kawai ya sani: tsofaffin unguwannin Bilbis da Fakawa, buhunan albasar Galmi a kan tirela, da uwar da take jiran saƙon ɗanta da ya tafi bida, wato ci-rani, a Abijan. Abu ɗaya daga cikinsu ya isa baiti guda. Tun da hip-hop ya tsiro a Bronx ta New York a 1973, da sunan layi da unguwa mawaƙa suke tutiya.

A ganina babbar makarantarsa ita ce filin kokowa, kuma a Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975. Ya je ya saurari yadda ɗan kokowa yake kirari: yana faɗin sunansa da na ubangidansa da garinsu, jimlolin gajeru ne, yana tsayawa makaɗa su amsa, sannan ya ɗora da ƙarfi. Duk abin da ake nema a rap na bugun ƙirji da sarrafa numfashi yana nan. Ya kwaikwayi tsarin, amma kada ya ɗauki kirarin wani ya mayar nasa, kada kuma yabon Tawa ya koma zambo ga Maraɗi ko Damagaram.

Wajen kiɗa, ya kai mai kalangu ko mai gurumi sitidiyo a ɗauki sautinsa kai tsaye, a ɗora gangar kwamfuta a kansa, a kuma daidaita kan ladansa tun kafin a fara. Idan waƙa ta kammala, ya yi mata rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa.

Kafin ya sake ta a YouTube, ya kunna ta a fadarsu, wato majalisar hirar abokansa, ya kuma sa wani dattijo ya ji. Baitin da abokai suka riƙe tun jin farko ya zama amshi, wanda dattijo ya ce ba haka ake faɗi a Adar ba kuwa a sake rubuta shi.