Kwana a Mararaba, aiki a Abuja: kurakuran da sababbin zuwa ke ta maimaitawa

Wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, ko ya zo bautar ƙasa, ko ya samu rumfa a kasuwar Wuse, ba ya mako guda sai ya gane cewa cikin gari ba wurin kwanan mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Daga nan sai ya gangara Nyanya, Karu, Mararaba, Ado ko Masaka, wani ma har Keffi. Wani ya nufi Kubwa, Dei-Dei, Zuba, Madalla da Suleja, wani kuma ya bi hanyar filin jirgi zuwa Lugbe da Gwagwalada. Babu aibu a nan, haka akasarin ma'aikatan birnin ke rayuwa. Abin takaicin shi ne kurakurai iri ɗaya ake yi shekara da shekaru, kuma biyu daga cikinsu masu tsada ne ƙwarai: ɗaya na cinye albashi, ɗaya na iya cin rai. Hanyar Keffi zan fi magana a kai, don ita ta fi gasa wa baƙo aya a hannu.

Kuskure na farko tun kafin a fara zuwa aiki ake yin sa, wato kama gida saboda arhar haya kawai. Dillali ya san aikinsa. Ranar Lahadi da hantsi zai ɗauke ka, titi fayau, cikin minti 20 ko 25 kun taso daga mahaɗar AYA da ke Asokoro kun isa Mararaba, ya ce maka ai nan da gari ƙofa da ƙofa ne. Bai yi ƙarya a kan nisa ba, tsakanin bai kai kilomita 20 ba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne ranar Litinin da ƙarfe 7 na safe wannan tafiyar na iya cin awa biyu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Titi ɗaya ne tilo. Duk mutanen da ke kwana daga Keffi zuwa Masaka, Ado da Mararaba a kansa suke, sannan na Karshi, Orozo, Kurudu da Jikwoyi su ɓullo su haɗu da su a wajen Karu da Nyanya, kowa ya hau tudun Kugbo, ya wuce barikin Mogadishu, ya faɗa AYA. Kuma shi ne babban titin da tirela da tanka ke bi daga Akwanga, Lafiya, Makurɗi da Jos. Ga masu talla da suka ci gefen titi a Mararaba, ga direbobi na lodi a tsakiyar hanya. Tun bayan fashewar bam a tashar Nyanya a watan Afrilun 2014 kuma, duk lokacin da aka tsaurara tsaro aka kafa shingen bincike, layi uku na komawa ɗaya, cunkoson ya miƙe har bayan Mararaba.

Sai lissafin kuɗin mota, wanda sabon zuwa ke yi da hawa ɗaya. Ba hawa ɗaya ba ne. Akwai acaɓa daga gida zuwa bakin titi, akwai motar shiga gari, sannan akwai ta cikin gari daga inda aka sauke ka zuwa ofis. Wannan ta ukun ce ake mantawa da ita. An hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, an kori ƙananan bas-bas a 2013, Keke Napep kuma an taƙaita shi a cikin unguwanni, don haka in an sauke ka a Berger ko Area 1 ko AYA, ko dai tasi ko ƙafarka. Hawa uku da safe, uku da yamma, shida ke nan. A ce duka shidan sun tashi naira 3,000 a rana. A kwana 22 na aiki naira 66,000 ne, a shekara naira 792,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kai kuma kana murna ka rage naira 200,000 a kuɗin haya don ka lula can ƙuryar Masaka! Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu, kuma ita kullum ake biya.

Ni ga yadda nake lissafin, ko da wasu za su ce na cika tsanani. Kada ka biya ko sisi sai ka kwana a unguwar daren Lahadi, ko wurin ɗan'uwa ne, ka yi tafiyar da kanka safiyar Litinin a daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka kuma dawo da yamma. Rubuta kuɗin kowane hawa, ka ninka da 264, wato kwanakin aiki na shekara, ka haɗa da hayar shekara, wannan jimlar ce kuɗin gidan na gaskiya. Gidan da za ka taka da ƙafa minti goma ka iso bakin titi ya fi wanda ke can ciki, ko da ya ɗara shi tsada, don ka yar da hawa biyu a kullum. Ka tambayi mai shago ko mai shayin layin yadda hanyar take da damina, ba dillali ba. Yawancin layukan ciki ba kwalta, ruwa na sauka ɗan acaɓa zai ninka kuɗi ko ya ce ba ya shiga. Sannan ka zaɓi ɓangaren da ya dace da wurin aikinka. Mai aiki a Asokoro, Garki ko Sakatariyar Tarayya, hanyar Keffi ta yi masa. Mai aiki a Gwarinpa, Jabi, Utako ko Maitama ya nemi gida ta Kubwa, inda titin ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Mai aiki a filin jirgi kuwa, me ya kai shi Mararaba alhali ga Lugbe?

Lokacin fita shi ma sai an koya. Mutum na ganin minti 30 ba komai ba ne. A wannan hanyar, wanda ya idar da sallar asuba ya kama hanya kafin ƙarfe 6 yakan isa gari cikin abin da bai kai awa ba, wanda ya tsaya shan shayi har 6:30 kuwa ya shiga sahun masu makara. Gara ka isa da wuri ka karya kumallo kusa da ofis. Da yamma ma'aikatan gwamnati na tashi ƙarfe 4, kafin 5 gangaren Kugbo ya cika. Ko ka sulale kafin hakan, ko ka yi magariba da isha'i a gari. Sai dai jiran dare na da nasa haɗarin, kuma shi ne kuskure na biyu.

Shiga kowace mota da ta tsaya. Wallahi wannan shi ya fi ɓata min rai, don kowa ya ji labarin 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, kowa na da wanda ya sani da abin ya rutsa da shi, amma da an tashi aiki an ga hadari ya haɗo sai hankali ya gushe. Mafi yawan masu shiga gari da kabu-kabu suke tafiya, motocin gida marasa fenti da ake kira alon, biyu a gaba huɗu a baya. Yawancin direbobin mutanen kirki ne, ma'aikata ne masu neman kuɗin mai. A cikinsu ɓarayin ke sajewa. Motarsu na zuwa da "fasinja" biyu ko uku, saura gurbi ɗaya, naka. Kada ganin mace a ciki ya kwantar maka da hankali, da gangan ake sa ta, wani lokacin har da mai shigar mutunci riƙe da jakar ofis. Ana yin nisa kaɗan sai a ɗaga gilashi, a danne ka ƙasa, a karɓe waya da kati. Suna yawo da na'urar POS, kuma ba za su sake ka ba sai ka faɗi lambar sirri, sun kwashe na asusu, wani lokacin su sa ka kira 'yan'uwa a turo ƙari. Mafi muni, sukan turo mutum waje mota na gudu. An rasa rayuka ta haka.

Akwai masu sauƙin salo. Direba ya yi ta cewa ƙofarka ba ta rufu ba, ka sake bugawa, na kusa da kai ya miƙo hannu wai zai taimaka, kafin ka farga waya ta bar aljihu, sai a ce maka an fasa zuwa inda za ka, sauka. Akwai kuma masu tayar da gardama a kan wani kwali cike da kuɗi da wai aka gani a but, suna neman shawararka a kan yadda za a raba. Da ka ji an fara wannan zancen, ka ce a sauke ka a wurin da ke da jama'a, kada ka tanka ko da wasa.

To, malam, naira ɗari biyu ko uku da kake gudun ƙarawa a tasha, ita ce ta kai ka tsayawa ƙarƙashin gada kai kaɗai da ƙarfe 9 na dare? Je ka inda ake lodi, inda ɗan kamasho ya san direba, inda ka ga motar fanko ka ga mutane na shiga ɗaya bayan ɗaya a gabanka. Motar da ta zo da mutanenta, ta wuce taron jama'a ta tsaya a gabanka kai kaɗai, bar ta ta wuce. Mai baƙin gilashi, ko marar lamba, ko wadda aka shafe lambarta da laka, bar ta. Kafin ka zauna ka duba mariƙin ƙofa na ciki, ka ja shi ka ga yana buɗewa, ka ga gilashi na sauka. In wani ya fito ya ce ka shiga tsakiya, ka ce a'a, kusa za ka sauka. In ya matsa, fasa tafiyar, ba wanda zai kai ka ƙara. Ke ma 'yar'uwa, kunya ba ta da wuri a nan, ki fita abinki ko da kin riga kin zauna.

Abin da nake yi game da kuɗi, wanda ba kowa ke yarda da shi ba, shi ne raba asusu biyu. Katin da manhajar bankin da ke wayar hannu na ƙaramin asusu ne, kuɗin mako kawai ke ciki. Asusun albashi katinsa na gida, manhajarsa ba ta kan wayar da ake yawo da ita, saƙon shigar kuɗi ma a goge shi, don shi suke fara dubawa. Lambar mota a tura wa wani na gida kafin a shiga, a fili, direba na gani. Direban kirki ba zai damu ba. In kuma ƙaddara ta faɗa, kada ka yi kokawa da mutum huɗu a cikin mota; ba su abin da suka nema, kana samun kanka ka kira banki a toshe asusu, ka kira 112, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. In dare ya yi sosai, ka kira Bolt ko inDrive ka tabbatar lambar motar da fuskar direban sun yi daidai da na manhaja, ko ku haɗu ku huɗu ku ɗauki shatar koriyar tasi. In ba hali, kwana a gari wurin abokin aiki ba abin kunya ba ne.

Sauran ƙanana ne. Kada ka miƙa wa yaron mota dubu ɗaya da sassafe ka tsaya jiran canji, tanadi 'yan ɗari-ɗari tun dare, kuma kada ka dogara da taransifa, sabis kan ɗauke. Ka tambayi kuɗi kafin ka shiga, don na safe daban, na yamma daban, na lokacin ruwa daban. Ka tambayi inda motar za ta tsaya takamaimai, "gari" ba wuri ba ne, mai zuwa Berger ba zai bi da kai Area 1 ba. Dogayen bas ɗin gwamnati da har yanzu ake ce wa bas ɗin El-Rufai sun fi arha, amma ba su da yawa kuma sai sun cika maƙil, kada ka ɗora zuwa aikinka a kansu. In ofishinku na da motar ma'aikata, sa sunanka tun makon farko. Tsallaka babban titi da gudu alhali ga gadar masu ƙafa a sama, wannan ganganci ne, ba sauri ba.

Jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya lokacin korona, aka sake tayar da shi a watan Mayun 2024, na da amfani ga mutanen Kubwa: daga Gbazango ya bi ta Kagini, Dei-Dei da Gwagwa zuwa Idu, daga nan zuwa tashar tsakiyar gari. Sawunsa kaɗan ne a rana, don haka ka je tasha ka ga jadawalin da idonka kafin ka tsara rayuwarka a kai. Mutanen Nyanya da Mararaba su cire rai, layin bai zo ta wajensu ba.

Mai sabuwar mota kuma na ganin ya huta. Awa guda kana hawan Kugbo taku-taku, ƙafa a kan kuloci, shi ke ƙona kulocin, in fankar lagireto ba ta da lafiya kuma injin ya tafasa, ka zama kai ne sanadin cunkoson. Duba ruwa da fanka duk mako, ka ajiye galan ɗin ruwa a but, kuma kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Da yamma a gangaren, kada ka zauna a gaban tirela ko tanka in kana da halin kaucewa. A watan Maris na 2025 wata babbar mota ta ƙwace a wajen gadar Karu ta afka wa motocin da ke cikin cunkoso, wuta ta tashi, mutane suka mutu. Bin hannun da ba naka ba don ka ga wasu sun bi, kai za a kama. In kana son rage kuɗin mai, ɗauki maƙwabta uku ko huɗu da ka sani ku yi karo-karo duk ranar Litinin, maimakon tsayawa kwasar baƙi a bakin titi. Fasinjan da ba ka sani ba na iya ƙwace motar a hannunka kafin ku kai Masaka.