Darasi na Tara: Shirya Ziyarar Tsibirin Zanzibar da Kuɗi Daidai Ƙarfi

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ta kowane ɓangare. Mutumin Sakkwato ya san Gulbin Rima, ya kuma san madatsar ruwa ta Goronyo, amma teku wani abu ne daban, domin ruwanta na gishiri ne, kuma duk iya hangenka ba za ka ga ɗaya gaɓar ba. A wannan darasi za mu koyi yadda magidanci ko uwargida za su shirya ziyarar tsibiri ba tare da sun shiga bashi ba. Mun zaɓi Zanzibar ne saboda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, don haka baƙo ba ya shan wahalar neman masallaci ko abincin halal.

Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, gabas da Afirka, kuma manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. A shekarar 1964 ta haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Harshen mutanen Suwahili ne, kuɗinsu kuma shilin Tanzaniya. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu.

Araha ko tsadar tafiya a gida ake yanke ta, tun watanni kafin a ɗauki jaka. Ka sami littafi guda ka ware shi don wannan tafiya, ka rubuta kuɗin jirgi, da na takardu, da na masauki, da na abinci, da na zirga-zirga, da na tsaraba, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin goma na jimlar saboda abin da ba a zata ba. Ga misali don koyon lissafi kawai: idan jimlar ta kama naira 2,400,000 kuma kana son tafiya bayan wata 12, to kowane wata sai ka ajiye naira 200,000. Idan ka ga wannan ya fi ƙarfinka, ka mayar da watannin 24, abin ajiyewa ya koma naira 100,000. Adashe yana taimakawa ƙwarai, musamman idan ka nemi kwasarka ta zo daidai lokacin sayen tikiti. Tun da farashin tikiti yana bin dala, ya kamata ka riƙa sabunta lissafinka duk wata. A ganinmu bai dace ba ko kaɗan mutum ya taɓa hatsin rumbu, ko kuɗin makarantar yara, ko jarin sana'arsa saboda yawon buɗe ido, kuma wanda yake tarin kuɗin aikin Hajji ya san abin da ya kamata ya gabatar.

Sai batun takardu, wanda nan ne mutane suka fi yin asara. Fasfonka ya zama yana da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Ɗan Nijeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Dole ne ya nema ta intanet tun yana gida, kuma irin bizar da ake ba mu sai hukumar shige da fice ta can ta yi bincike, abin da kan ɗauki makonni. Saboda haka kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin bizar ta fito. Za a nemi katin rigakafin cutar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Haka kuma tun daga watan Oktoba na 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshora ta dala 44. Idan wani ne zai cika maka takardu, ka zauna kusa da shi, ka karanta sunanka harafi bayan harafi, ka tabbata ya yi daidai da na fasfo, ka kuma karɓi rasit.

Daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato za ka iya zuwa Abuja, amma mai tattali yakan shiga mota zuwa Kano ko Abuja, daga nan ya hau jirgin Ethiopian Airlines ya sauya a Addis Ababa. Wata hanyar ita ce a sauka Darussalam (Dar es Salaam), birni mafi girma a Tanzaniya, a shiga jirgin ruwa zuwa Zanzibar, tafiyar kusan awa biyu. Babbar daminarsu tana faɗowa daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da zafi ke gasa Sakkwato, kuma a lokacin ne masauki ya fi araha, sai dai ruwan sama kan hana fita. Daga Yuni zuwa Oktoba sarari ne da iska mai daɗi, amma Turawa sukan cika gari a Yuli da Agusta da kuma ƙarshen Disamba, farashi ya tashi. Farkon Yuni ko Oktoba ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi.

Manyan otal-otal na bakin teku ba don aljihunmu aka gina su ba, kuma wanda ya kwana a cikinsu ba lallai ne ya ga Zanzibar ba. Ƙananan gidajen baƙi na cikin gari sun wadatar, musamman idan mutum biyu suka raba ɗaki. Maimakon shatar tasi, ka shiga motar haya da suke kira daladala daga wajen kasuwar Darajani. Ka ci abinci inda 'yan gari ke ci: shinkafa dafa-duka mai kayan ƙamshi, da kifi, da ruwan rake. A lambun Forodhani ana gasa kifi da nama kowane dare, amma ka tambayi farashi kafin a zuba maka.

Abin da zai zauna a zuciyarka kuwa yawanci ba shi da tsada. Tsohon gari, wanda ake kira Stone Town, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, kuma da ƙafa ake zaga shi. Lungunansa matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu, ga manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, wasu da ayoyin Alƙur'ani a samansu. A nan ne kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873, kuma ya kamata baƙo ya je ya ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ya yi tunani. A Kizimkazi, kudancin Unguja, akwai masallaci mai rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, da ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107, kusan shekara 700 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kada kuma ka bar gonar kayan yaji. Kanumfarin da uwargida ke dakawa a fura da kunu, a can za ka gan shi a kan bishiya: tohon fure ne da ake tsinka kafin ya buɗe, a shanya shi a tabarma har ya yi duhu. Za a ɓare maka ɓawon kirfa ka shinshina, a nuna maka masoro yana hawa bishiya.

Game da teku, a yi hattara. Ruwa yana janyewa ya kuma dawo sau biyu a kwana guda, kuma a gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, yakan ja baya da nisa har mata su shiga gonakinsu na ciyawar teku. Mai tafiya a kan yashin ya tambayi 'yan gari lokacin dawowar ruwa. Wanda bai iya iyo ba kada ya wuce gwiwa, kuma kada ya hau kwalekwale sai da rigar kariya. Idan za ka yi salla a masauki ka tambayi alƙibla, domin a can wajen arewa ake fuskanta, ba gabas ba. Yawancinsu mabiya mazhabar Shafi'i ne, don haka ƙananan bambance-bambance a salla kada su dame ka.

Wanda lissafinsa bai kai Zanzibar ba, akwai tsibirin Gore kusa da Dakar a ƙasar Senegal, inda ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta abubuwa shida da za a kashe wa kuɗi, ya tambayo farashin tikiti daga Kano da kuma daga Abuja, ya fitar da bambancin, sannan ya raba jimlar da yawan watannin da zai iya tari. A zo da littafin a aji mai zuwa.