Kurakuran da aka fi yi wajen ƙara RAM a laftof mai liƙaƙƙen RAM

Mai son ƙara wa laftof ɗinsa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke riƙe ayyukan da take kan yi, yakan fara da tambayar gigabait nawa zai saya, alhali abin da ya kamata ya fara sani shi ne irin RAM ɗin da kamfani ya riga ya liƙa da dalma a jikin babban allon na'urar. Wannan ba ya ciruwa, saboda haka dole sabon katin da za a saka ya dace da shi.

Wasu suna ɗauka cewa kowane laftof yana da gurbin ƙari. Siraran laftof da yawa suna amfani da nau'in LPDDR, wanda yawanci a liƙe yake gaba ɗaya, haka ma MacBook masu guntun M da Apple ya fara fitarwa a 2020. Task Manager na Windows, wato manhajar da ke nuna aikin sassan na'ura, yana nuna adadin gurabe, amma a wasu na'urori yakan ƙirga liƙaƙƙen RAM a matsayin gurbi, har mutum ya zaci yana da wurare biyu. Abin dogaro shi ne littafin gyaran wannan samfurin, ko kuma a buɗe murfin ƙasa a gani da ido.

Sai kuma rikita nau'i. Laftof yana karɓar gajeren kati da ake kira SO-DIMM, ba dogon nan na kwamfutar tebur ba. Katin RAM nau'in DDR4 yana da haƙora 260, na DDR5 kuma 262, tsagar da ke tsakanin haƙoran ma ba a wuri ɗaya take ba, don haka idan kati ya ƙi shiga kada a tilasta shi. A tsofaffin na'urori akwai wani tarko: DDR3 da DDR3L kamanninsu ɗaya, amma na farko yana aiki da bolt 1.5, na biyu da 1.35, kuma laftof da aka ƙera don DDR3L kaɗai yana iya ƙin tashi da katin DDR3.

A ganina, batun gudu ne ya fi cin kuɗin mutane a banza. Idan liƙaƙƙen RAM yana gudu a 2666, aka sa masa kati mai 3200, dukansu a 2666 za su yi aiki, ke nan an biya abin da ba za a mora ba. Akasin haka ya fi muni, domin kati mai jinkiri zai ja na cikin na'urar ƙasa. A kuma kula da katunan da ake tallatawa don masu wasannin kwamfuta, waɗanda ba sa kai gudun da aka rubuta a kwalinsu sai an kunna tsarin ƙara gudu da ake kira XMP, alhali laftof da yawa ba su da wannan zaɓi. Manhajar CPU-Z tana nuna nau'i da gudun abin da ke ciki kafin a kashe kuɗi.

Game da girma, RAM biyu masu girma ɗaya suna aiki ta hanyoyi biyu a lokaci guda, abin da ke amfanar na'urar da sashen hotonta yake aron RAM. Idan aka haɗa liƙaƙƙen gigabait 8 da katin 16, a yawancin na'urori 16 na farko ne za su yi aiki ta hanyoyi biyu, sauran 8 ta hanya ɗaya. Wannan ba aibu ba ne ga wanda RAM yake ƙare masa, domin ƙarancin wuri ya fi wannan ɗan jinkiri illa. Sai dai a duba iyakar da kamfani ya ƙayyade, a kuma tuna cewa Windows mai bit 32 ba ya amfani da fiye da kimanin gigabait 4.

Wajen sakawa, a kashe na'urar gaba ɗaya, a cire caja da mahaɗin batir, a taɓa ƙarfe don sauke wutar da jiki ke tarawa, sannan a riƙe katin ta gefensa. A zura shi a karkace har haƙoran su shige, a danna ƙasa sai maƙallan gefe biyu sun kama. Idan allo ya tsaya baƙi a kunnawar farko, musamman da DDR5, a yi haƙuri na 'yan mintuna, domin na'urar tana daidaita kanta da sabon katin ne. Bayan ta tashi, a gwada RAM ɗin da manhajar gwaji ta MemTest86 tun lokacin mayar da kaya bai wuce ba.